Furar Inna da Bakin da Ya Yi Mini Ƙarya

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a Yamai, na yi wani aboki a biro, wato ofishinmu, mutumin Kwatano, Kirista. Idan an tashi aiki mukan zauna wuri ɗaya, ni da lemuna, shi da giyarsa. Ban taɓa ganin mai ɗaukar abin sha da muhimmanci kamarsa ba. Sai ya ɗaga kofi ya duba, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya fara yi mini bayani: ta gwangwani da ake kawowa daga Turai tsada ce kawai da ƙamshi, ta kwalba da kowa ke sha ba yabo ba fallasa, amma wadda gwaggonsa ke dafawa a tukunya a ƙauyensu, ita ce mai rai. Ni da ban taɓa kai giya baki ba, ba kuma zan kai ba, sai na ji kishi ya kama ni. Na ce masa mu ma a Kurfai muna da wannan ilimin, a fura. Har na buga ƙirji na ce ko an rufe mini ido, cikin ƙwarya ɗari zan fitar da ta mahaifiyata.

Bakina ne ya ja mini. Da hutu ya zo, abokina ya ce sai ya bi ni garinmu Filinge ya gani da idonsa. A tasha ya sayi furar roba mai sanyi, irin wadda ake damawa da madarar gari ta waje, ya ce ita ce za ta tsaya a matsayin ta Turai.

Mun iso ranar kasuwa. Bayan azahar na ba yayata labarin gardamar, ita da take zaune da mahaifiyarmu tun rasuwar mahaifinmu. Ta yi dariya, ta kira ni da "mushe", wato malam da Faransanci, ta ce, "To mushe na Yamai, yau mu ga gwani." Ta tafi kasuwa ta sayo dawo wajen wata mata da ke kawowa daga Tabla, ta ɗebo na Inna, ta dama su da nono ɗaya, ta juye ta robar a ƙwarya ta uku. Aka jera mana a inuwar zaure. Inna tana kan tabarmarta a gefe tana jan carbi, ta yi kamar ba ta damu ba, amma na san kunnenta na wurinmu.

Ta farko ban wahala ba. Sukari ya yi mata yawa, ga sanyin firiji bai gama sakinta ba. Na ture ta na ce ta birni ce. Ta biyu tana da tsaki-tsaki a harshe, irin na gero da ya sha taɓarya. Ta uku kuwa sumul take, ba abin da ke taɓa haƙori. Ai sai na gyara zama kamar alƙali. Na nuna ta biyu na ce, "Wagga ita ce ta Inna, turmi na ji a cikinta." Da na tsaya nan da sauƙi. Amma ina so in burge baƙona, sai na nuna ta uku na ƙara da cewa, "Wagga ko ta inji ce, ta raggaye. Wadda ta yi ta ba ta san darajar gero ba."

Carbin Inna ya tsaya. Yayata ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ni ko ban lura da komai ba, ina jiran tafi.

Abokina bai ji abin da na faɗa sosai ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ɗauki ludayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da shinshinarsa da komai, kamar yadda yake yi wa giyarsa. A ta uku ya daɗe. Ya ce mini da Faransanci, wannan ce ta gida. Ya ce cittar ba ta yi gaggawa ba, kanumfarin kuma sai bayan ka haɗiye yake zuwa, wanda ya auna su ya daɗe yana aunawa. Na yi masa dariya na ce baƙo ne, ina ya san fura.

Inna ta miƙe a hankali ta ce za ta yi alwalar la'asar, ta shiga ciki. Sai yayata ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kai dai ba ka da ido. Ta ukun ita at ta Inna. Damana biyu ke nan kafaɗarta ba ta ɗaga taɓarya, inji muke kai geron. Sau huɗu ka zo kana sha kana yabawa, idonka na bisa waya. Ita ta hana a gaya maka, wai kada hankalinka shi tashi."

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ba kuskuren ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne na kira mahaifiyata ragguwa a gaban baƙo, kuma shekara biyu tana ciwo ban gani ba, ni da ke yawo a Yamai ina tutiya da ita.

Na same ta a tsakar gida, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Mi ka yi? Gaskiya ka hwaɗi, ta inji ce. Amma baƙonka ya hi ka baki, a ƙara mishi." Sai ta yi dariya, ni ma na yi, idona da ƙwalla.

Washegari na ce ni zan daka. Na jawo turmin da aka kife a gindin bango, na ɗauki taɓarya. Ban kai ko'ina ba hannuna ya yi bororo, rabin geron kuma kaji suka ci a ƙasa. Yayata har da riƙe ciki, abokina yana ta ɗaukar hoto. Inna ta ce in ajiye kafin maƙwabta su leƙo su ce aikin Yamai ya ƙare. Abin kirkin da na yi a hutun nan ɗaya ne: na kai ta likita aka duba kafaɗar.

Har yau Inna na nan, alhamdu lillahi, kuma furarta ta inji ce, ita ke auna yajinta da kanta. Turmin ya koma kife, a kansa nake zama idan na je gida. Abokina ya koma ƙasarsu, amma duk sallah sai ya kira ya tambayi mai kanumfari. Ni kuma na daina cika baki a kan ɗanɗano. Duk lokacin da ta miƙo mini ƙwarya takan ce cikin tsokana, "To gwani, ta wa ce?" Nakan ce taki ce, Inna, tun ban kurɓa ba. Yanzu hannun da ya miƙo nake fara dubawa, sannan furar.