Tukunyar Kaka a Kafaɗar Talatu

Ranar wata Alhamis ce bayan haƙar doya, a shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta tare a Abuja. Ina aji biyar, ina kwance a kan dutsen bayan ƙauyenmu kusa da Kurudu, na mutu murus. Mutuwata ta goma sha ɗaya ke nan a makon. Malam Bulus, malamin ajinmu, shi ya shirya mana wasan kwaikwayo a kufan kakanninmu Gbagyi, inda suka fake lokacin da mahara ke kamen mutane, ni kuma aka ba ni mahari saboda faɗin bakina. Aikina in hau dutse da ihu, a harbe ni da kibiyar kara, in zube. Wallahi har yau ba a haifi yaron da ya kai ni iya mutuwa ba.

Wata biyu muka yi muna shiri. Da sassafe in kori birai daga gonar dawa, in ɗebo ruwa a rafi, in an tashi makaranta mu bar langa da ƙwallon tsumma mu hau dutse. Malam yakan ce, "Na allo za ku manta, wanda kuka taka da ƙafa ba za ku manta ba." Ya nuna mana guntun katangar duwatsu, da ramukan da mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa. Kakata ta ba yayata Talatu aron tukunyarta, tukunyar da ko kallonta ka yi sai ka faɗi dalili, ta koya mata ɗora ta a kafaɗa. A wurinmu mace ba ta ɗora kaya a ka. Kaka ta ce tunanin da kai yake ɗauke da shi ya ishe shi nauyi.

A ranar Alhamis ɗin ne wani oga daga ofishin ilimi ya zo zaɓen makarantar da za ta je cikin gari ta yi wasa gaban manya. Mu da ba mu taɓa ganin fitilar titi ba, ko barci ba ma iyawa don ɗoki, Talatu kuwa har sabon kitso aka yi mata. Oga ya hau dutse yana haki kamar zugazugi, takalminsa na sheƙi yana santsi. Na yi ihuna, aka harbe ni, na faɗi. Talatu ta shigo da tukunya a kafaɗa, tana tafe kamar Kaka a ƙuruciya. Sai oga ya ɗaga hannu, da Hausarsa ta ɗan koyo: "Malam, wannan yarinya bai iya ɗaukan tukunya ba? A sa shi a kai mana, haka gargajiya yake!"

Jama'a, ku ji min mutum! Ɗazu-ɗazu ya sauko daga mota, yanzu yana koya mana kakanninmu a kan dutsensu. Malam Bulus ya buɗe baki, ya tuna wa ke sa hannu a takardar aikinsa, ya sunkuyar da kai. Talatu ta dubi oga, ta fara ɗaga tukunyar sama za ta kai ka. Kaka ta ratso cikin mata ta riƙe tukunyar. "Ɗana," in ji ta, "uwarka ce ta yi niƙa a ramin nan, ko tawa?" Ta saɓa abarta a kafaɗa ta gangara, matan ƙauye suka bi ta. Ni kuwa ina nan kwance cinnaku na rabon gadona, ba wanda ya tuna ya ce in tashi.

Oga ya rubuta cewa wasanmu ba al'ada a cikinsa. Wata makaranta aka kai, da tukwane a ka da bantunan ciyawa da ko kakan biri bai taɓa ɗaurawa ba. Talatu ta yi mako ba ta yi wa Kaka magana, ni ma na taya ta fushin, sai dai lokacin tuwo.

Yanzu an fasa rabin dutsen an sayar da tsakuwa, sauran rabin yana cikin katangar wani rukunin gidaje. Bara na kai 'ya'yana in nuna musu, mai gadi ya ce gidan wa muka zo. Na kama hannun yaran muka juya. A makarantarsu tarihin garin nan daga ranar da katafila ta iso yake farawa. A da ina jin haushin Kaka don ta hana mu shiga gari. Ashe garin ne zai zo har ƙofar ɗakinta, bai kuma tambaye ta komai ba.