Ranar Da 'Yata Ta Yi Shigar Inna

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aikin jinya, muna zaune a Plumstead, a ƙasar Turawa, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya. Mace ce ni mai saurin hawa, kuma babban tsorona a ƙasar nan shi ne kada yarinyar ta tashi ba ta san asalinta ba. Duk ƙarshen Oktoba in na ga yaran maƙwabta sun fito da kayan Halloween, wannan da haƙoran roba, waccan da hular mayu, sai in ja labule in ce Allah ya raba mu.

Tana da shekara takwas, wata huɗu da rasuwar mahaifiyata a Kano, na dawo daga aiki da la'asar na tarar ta buɗe akwatina. Ta ɗaura zanen Inna yana jan ƙasa, ta yafa mayafinta, ta rambaɗa kwalli, har ɗan ɗingishin Inna take kwaikwayo, ita da sau biyu kacal ta taɓa ganinta. Ta gaya min da murnarta cewa shigar da za ta je makaranta da ita gobe, ranar Halloween, ke nan. Idona ya rufe. Na ce uwar tawa za ta jera da mayu da fatalwa, ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba? Na fizge mayafin, na ce kayanmu ba na irinta ba ne.

Sai bayan mako guda malamarsu ta tare ni a bakin makaranta tana tambayar dalilin da ya sa yarinyar ba ta zo da shigarta ba. Ashe an ce wa yaran da ba sa son shigar ban tsoro su zo a matsayin wanda suke fatan zama in sun girma. Amma girman kai ya hana ni ba yarinyar haƙuri. Na ce ai yaro ne, gobe ta manta.

Ba ta manta ba. Tun daga ranar ba ta sake sa atamfa ba, ko da Sallah. Yanzu ta kai ashirin, tana jami'a. Bara na ɗinka mata leshi mai kyau, ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta ce, "Mama, ki ajiye kawai, it's not really me."

Ina kewar yarinyar nan mai shekara takwas, kuma ni na kore ta da bakina. Iyaye 'yan'uwana da ke renon yara a ƙasar wasu, in ɗanku ya zo muku da wata shiga, ku tambaye shi wa yake son zama kafin ku ɗaga murya. Ni ban tambaya ba.