Gonar Mahaifina da Na Raina

Zamanin Turawa, lokacin da gyaɗa ke tashe, ni magidanci ne a Dudunni, da ƙarfina, da gonar da mahaifina ya bar mani a bayan gari. Gona ce mai albarka, ta sha taki shekara da shekaru, amma ban taɓa tsayawa cikinta raina ya kwanta ba. In gerona ya yi kyau, sai in ce na maƙwabci ya fi zangarniya. Yaran yanzu suna kiran wannan hali rashin gamsuwa, suna faɗinsa kamar wata 'yar mura. Mahaifiyata kuwa rashin wadatar zuci take ce masa, tana cewa ko tuwo aka zuba mani, idona na kan akushin wani.

Wata ranar kasuwar Kankiya na ji masu kawo gyaɗa sikeli suna yabon ƙasar Rimaye. Tun daga nan zama ya gagare ni. Yayana ya ce in tafiyar ta zama dole, mu je gaban mai gari in shaida na ba shi aron gonar, don gonar da aka bari ba shuka ba sallahu, hannun mai gari take komawa. Na ƙi, wallahi don kawai kada ya ci amfaninta. Na kwashi iyali muka tafi. A Rimaye na samu aron gona, da kaka ta yi na ce ƙasar ta cika yashi. Muka koma Mawashi, can kuma na ce rijiya ta yi nisa. Matata ta gaji da ɗaurin kaya har ta daina kwance wasu.

Da yawo ya ishe ni na dawo gida, na tarar gonar ta daɗe da zama saura, mai gari ya ba wani baƙo, ya share ta ya shuka dawa. Na kai kuka, mai gari ya tambaye ni wa na bar wa ita. Daminar nan ƙwadago na yi wa baƙon, ina noma inda mahaifina ya koya mani riƙon fartanya, da yamma a sallame ni. Kunya da baƙin ciki kamar su kashe ni.

Jama'a, duk wanda ya sauya wuri, ya sake sauyawa, ƙorafinsa bai sauya ba, ya binciki zuciyarsa kafin ya sake ɗaure kaya. 'Ya'yana sun tashi ba su gaji ko taku ɗaya na ƙasar kakansu ba. Ba fari ne ya yi masu haka ba, ba Bature ba ne, ni ne.