Cikina da Ƙofar Injin Kifi

Ina da cikin fari wata bakwai lokacin da maigidan ɗakin sanyin da nake aiki a Tunga ya kawo wani inji daga Legas, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kifin ƙanƙara muke sayarwa, katan-katan, a dunƙule kamar bulo. Da can da guduma muke fasawa, ko mu jiƙa da ruwa rabi ya lalace. Shi kuwa injin akwatin ƙarfe ne mai ƙofa. Ka tura dunƙulen ya yi ɗan gurnani, kifin ya saki, mu raba mu mayar cikin sanyi tun bai fara wari ba. Babu garwashi, babu harshen wuta, ko jikinsa ba ya zafi. Tun ranar farko ban yarda da shi ba.

Ba a jima ba sakatar ƙofar ta karye, kuma injin ba ya tashi sai ƙofar ta danne. Maigida, mutumin da ko ƙusa ba ya saya sai an kai ruwa rana, ya ce a riƙa dannewa kafin mai gyara ya zo. Hannuwanmu kullum cikin ƙarni suke, don haka da jiki muke tokarewa. Ni kuwa abin da ya fi fitowa a jikina shi ne cikin. Har tsokanata ake yi wai an samu sabuwar sakata, ni ma ina dariya.

Wata rana da azahar na shagala, wani dunƙule ya daɗe a ciki. Na fito da shi da sauran ƙanƙara a bayansa, amma da na tsaga kifi ɗaya sai tururi ya taso. Cikinsa ya dahu fari fat. Ina tsaye da wuƙa a hannu na tuna tun safe abin da ke cikina bai motsa ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Wata dattijuwa 'yar Maikunkele da muke aiki tare ta dubi kifin, ta dube ni.

"Yarinya, kar ki yi kuka," in ji ta. "In zafi ne ya shiga, mu sa masa sanyi. Taso."

"Mama, bai motsa ba tun safe."

"Na ji. Taso dai."

Ta zaunar da ni kan katan a ɗakin sanyi, ta naɗe ƙanƙara a ɗankwalinta ta ɗora mini a ciki. Haƙorana na haɗuwa, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ba ta wurin ba ce. Yatsuna sun mutu, na fara cire rai, sai na ji an harbe ni a ƙasan haƙarƙari. Aka ƙara. Na rushe da kuka.

Washegari malamar asibiti ta wanke ni tas, ta ce zaman ɗakin sanyin shi ne gangancin. Ban ƙara kusantar injin ba.

Da na haihu aka miƙo mini 'yata, malamar ta ce, "Duba jikinta, lafiya ƙalau." Na duba, na yi godiya, amma ba jikinta nake tsoro ba. Sai da yarinyar nan ta yi tafiya, ta buɗe baki ta kira ni, kafin na daina kasa kunne a ƙirjinta.