Billen da Ba Ya Fuskar Kofur

Shekarun baya, bayan rasuwar kakata ta wajen uba a Tarai, sha'awar rubuta tarihin gidanmu ta kama ni. Ni ne ɗan bokon gidan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ɗan ji da kaina a kan hakan. Wani abokina da ya yi karatu a waje ya ce can coci ne ke ajiye rajistar haihuwa da ta aure, mutum ya bi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce mu nan tsofaffin mata ne rajistarmu, tawa kuwa ga shi mun binne ta.

Da aka buɗe adakarta, a ƙarƙashin zannuwa aka sami wani ɗan littafi naɗe cikin tsumma. Littafin soja ne na zamanin yaƙin Bama. A shafin farko ga sunan kakana, sunan nan da ke bin na mahaifina, wanda ni ma yake jikin takardun makarantata.

Murna kamar in yi tsalle, don na tashi na sami kakana a raye. Kofur ake ce masa, gari duka. Kakata ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya, sai dai ta ce mai gidan nan, mahaifina kuma ya ce Baba. Gajere ne, fuskarsa sumul, ga tsokana, in ya gan ni kusa da kakata sai ya ɗaga sanda ya ce ga ɓarawon matarsa. Ya rasu ina firamare. Tun ban karanta littafin ba na kai hotonsa ɗaya tilo aka ƙara masa girma, aka rubuta sunan nan a ƙasa, na rataye a falona a Rano.

Sai dai Turancina bai yi mini rana ba. Rubutun ya koɗe, rabinsa kuma haruffa ne bibbiyu irin na sojoji. Aka haɗa ni da wani tsohon saje mai ritaya a unguwarmu. Ya sa tabarau, yana bin layi da ɗan yatsa.

"Kakan naka dogo ne ke nan," in ji shi. "Ga tsawonsa an auna. Kuma yana da bille a kuncin hagu."

Na yi dariya na ce, "Baba Saje, ai kuskuren Bature ne. Kakana gajere ne, kuma ko tsaga ɗaya babu a fuskarsa."

"Ɗana, soja kan yi kuskuren suna, amma ba ya kuskuren alamar fuska. Da ita ake gane gawa."

Ya ci gaba da buɗe shafi. Ga allurar da aka yi masa, ga kayan da aka ba shi, ga ranar da aka kwantar da shi asibiti. Daga nan sai farar takarda. Ya nemi hatimin sallama bai gani ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Mai wannan littafin bai dawo gida ba."

Na ce ya dawo mana, ni da na sha zama a cinyarsa! Tsohon bai yi musu da ni ba, ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

Kwana uku abinci ba ya shiga. To wane ne Kofur? Wani ne ya ɗauki sunan mamaci ya shige gidansa? Na zargi Kofur, na zargi kakata, Allah ya yafe mini. Babbar damuwata mahaifina, tsoho mai hawan jini. In na faɗa masa wanda ya kira Baba duk rayuwarsa ba ubansa ba ne, ina tsoron abin da zai same shi. In na yi shiru kuma, ni kaɗai zan riƙe abin da hakkinsa ne ya sani.

Rana ta huɗu na hau babur zuwa Tarai. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, har na tambaye shi ko ya sha maganinsa, sannan na faɗa masa.

Ko hannunsa bai tsaya ba. "To da kai a zatonka sunan wa nake amsawa?"

Ya ɗebo wata gyaɗar ya ci gaba.

"Mai billen shi ya haife ni. Ina ciki aka ɗebe su. Baba abokinsa ne, bataliyarsu ɗaya. Da ciwo ya ci ƙarfin mai billen sai ya ba Baba littafin nan, ya ce a kai wa Inna don kada ta yi ta jira. Ya kawo, ya ce kwana biyu zai yi. Ya tarar gona ta koma jeji, ni kuma ina yawo ba riga. Sai ya ɗauki fartanya. Bayan ta fita takaba aka ɗaura musu aure. Ni da kaina na taɓa cewa a sa mini sunansa a makaranta, ya ce haram, kowa da ubansa."

"Baba, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?"

"Wa ya tambaya? Kowa ya sani, har waɗanda suka sani suka ƙare."

Na ce to shi Kofur ɗan wane gari ne? Ya ce gabas dai, can wajen tafki, bai taɓa komawa ba, kuma bai haifi nasa ba. Sannan ya faɗa mini sunansa na yanka, a hankali, kamar mai jin nauyi. Ban taɓa jin sunan a gidanmu ba.

Har yau in na tuna sai jikina ya yi yar. Ba wanda ya yi mini ƙarya, ni ne na yi shekara da shekaru ina kallon fuskar mutum ɗaya ina masa addu'a da sunan wani. Na nemi takardar Kofur a duk inda aka kwatanta mini, ban sami ko layi ɗaya ba. Hoton falona na sauke shi an gyara rubutun. Yanzu in na idar da salla suna biyu nake ambata, kuma ba na farawa da mai billen.