Tsakuwoyin Indo

Indo maƙwabciyata ce a Yasore, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin tana dakan fura tana kaiwa kasuwar Batsari, ga faɗa kamar me, amma ba ta taɓa barin baƙo da yunwa ba. A unguwarmu da motsin butarta muke gane asuba ta yi.

Ta haura hamsin da biyar, al'ada ta ɗauke mata shekara shida, sai ta fara ganin jini. Ta aika aka tambayi malamin unguwarmu, Malam Almustapha, ko ta ci gaba da salla. Ya ce mace mai irin shekarunta, mata ake tambaya, su suka san abinsu. Mu huɗu ta tara a ɗakinta, ni ce babba. Na ce haila ce ta dawo, har na tsokane ta wai ta koma budurwa. Muka yi ta dariya. Har gobe ina jin kunyar dariyar nan.

Daga nan duk ranar da ta ga jini sai ta ajiye salla. Haka aka yi wata goma sha huɗu, tana ramewa, muna cewa wahalar daka ce.

Da ciwon mara ya kayar da ita, ni na raka ta asibiti a Katsina. Likita Rashida, wadda ke bincike kan matan da ke zuwa a makare, ta ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya bazu, ya wuce aiki. Sai dai maganin rage raɗaɗi. Ta nemi izinin rubuta labarinta, Indo ta dangwala yatsa, sannan ta tambaya:

"Ɗiyata, to jinin nan ba na al'ada ba ne?"

"A'a, Inna. Na ciwo ne tun farko."

"Innalillahi. Ashe salla na bari a banza."

Ba ta tambayi kwana nawa ya rage mata ba. Likitar ce ta ja ni gefe ta ce watanni ne.

Muna dawowa gida ta ƙiyasta kwanakin da ta bar salla, ta zuba tsakuwa ɗari a ƙoƙo, kowace ɗaya sallar yini guda. In ta rama sai ta jefar da ɗaya. Ta fara a tsaye, ta koma a zaune, daga baya a kwance da ishara. Malam ya aiko cewa Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ta ce ta ji, ta ci gaba.

Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Na ƙirga abin da ya saura a ƙoƙon, goma sha ɗaya. Bayan sadakar uku na ɗauka na tafi wurin Malam, na ce tunda bakina ne ya jawo, ya bar ni in ƙarasa mata.

Ya dubi tsakuwoyin da ke cikin ƙoƙon. Sannan ya ce, "Yi mata addu'a, Hajiya. Ba a yi wa wani salla."