Ƙofar da na rufe da hannuna

Mun tashi daga Maraɗi a bas ana sallame sallar asuba, ni da ordinatata, wato kwamfutata, a cinya da zargi fal cikina. Manhajar rajistar marasa lafiya na rubuta wa wani ƙaramin asibitin coci a Kirkissoye, wani ɗan Yamai kuma yana haɗa ɓangaren da nas-nas za su riƙa dannawa. Sai ya kira ni wai nasa ya kasa ƙirƙiro ko majinyaci ɗaya daga nawa. A wurina kuwa komai na tafiya sumul. Na ce shi ke nan, so yake ya ɓata ni gun shugabar asibitin ya haɗiye aikin shi kaɗai.

A Ƙonni mai kilishi ya miƙo ɗanɗano, na ƙi karɓa, don ranar kowa ɓarawo ne a idona. Daga Dogondutsi zuwa Doso maƙwabcina ya yi ta munshari a kafaɗata, ni kuma ina tsara maganganun da zan yaɓa wa mutumin.

La'asar muka shiga Yamai. Mai taksi ya ji Hausata ta Maraɗi ya ninka kuɗi, muka haye gada ina ƙunƙuni. Na tarar abokin aikin ya tanadar mini dambu da zogale. Na ci, amma ina satar kallonsa.

Da muka buɗe aikin ya ɗora yatsa kan layi ɗaya, konstiriktar, wato ƙofar da ake bi a ƙirƙiri sabon majinyaci. Ban sa mata kalmar public ba, wadda ke buɗe ta ga kowa. A harshen Java da muke rubutu da shi, idan ka bar wurin fayau, 'yan ƙunshi ɗaya kaɗai ke ganin ƙofar, kamar 'yan gida ɗaya. Gwaje-gwajena duk a cikin gida suke, nasa kuwa daga waje yake ƙwanƙwasawa.

Na ce, "Malam, tunda ka gani me ya hana ka gyara?"

Ya ce, "Haba Malam, aikinka ne. In shiga ba sallama? Madam shugaba ma ce mata na yi mu biyu muke dubawa."

Kunya ta rufe ni. Kalma ɗaya na ƙara, rajista ta buɗe.

Washegari na biya Petit Marché na sayi yaji, na kamo hanyar gida. Tafiyar yini guda na yi don in kama mai rufe mini ƙofa, ashe ni na rufe ta, shi kuwa asirina yake rufewa. Da muka tsaya a Ƙonni na nemo mai kilishin nan na karɓi ɗanɗanonsa.